Iya Ruwa Fid da Kai

Sa'ad da editan wannan littafi na shekara ya aiko mini da saƙo cewa in rubuto wani abu a kan zamana a Amurka, na yi niyyar in ba ku labarin jami'a da laburare da yadda ake neman gurbin karatu. Har na fara, sai na ga duk abin da na rubuta yabon kai ne. Saboda haka na ajiye shi, na ɗauko wani labari wanda ban taɓa ba kowa a gida ba sai mahaifiyata, watau labarin ranar da na kusa mutuwa a cikin ruwan ɗumi, a cikin ɗaki, a tsakiyar hunturu, saboda kalma uku da na kasa faɗa.

Waɗanda suka riske ni a makaranta za su tuna ni ne shugaban wasanni a shekarar da muka fita, 2016. Gudu, tsalle, ƙwallon ƙafa, babu wanda ban sa kaina a ciki ba. In ana hira a ɗakin kwana bayan an kashe fitila aka zo kan maganar ruwa, ni ne mai cewa tun ina ɗan shekara bakwai nake ƙetare kogin garinmu. Ƙarya nake yi. Gaskiyar magana ita ce, ina da shekara tara abokina ya nutse a kududdufin bayan gari inda ake haƙar ƙasar gini, cikin watan Agusta, mu huɗu muna tsaye a baki muna zaton wasa yake yi. Tun daga ranar Mama ta kafa doka a gidanmu, duk ruwan da ya wuce bokiti babu mu babu shi. Haka na girma ban iya ruwa ba, ina kuma jin kunyar a sani.

A watan Agusta na 2022 na tafi ƙaro karatu a Madison, babban birnin jihar Wiskonsin, can arewacin Amurka. Na yi sa'a Kawu, ƙanen Mama, yana zaune a garin da iyalinsa, 'ya'yansa uku kuwa duk a can aka haife su. Ku da kuke kuka da wankan asuba a watan Disamba, har wasu su jiƙa kai da ƙafa kawai su ce sun yi wanka, ina so ku san abin da muke kira sanyi ƙanen sanyi ne. A Madison akwai wani babban tafki mai suna Mendota a gefen jami'a. In hunturu ya kankama yakan daskare, mutane su yi ta tafiya a kansa kamar fili, wasu su huda ƙanƙarar su zauna suna kamun kifi. Rana takan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti na wannan shekara aka yi wata babbar iska mai dusar ƙanƙara wadda ta game yawancin ƙasar, aka soke dubban tafiye-tafiyen jirgin sama. Yaran Kawu suka yi kwana da kwanaki a kulle, suna ta faɗa a kan talabijin, har matarsa, wadda muke kira Anti, ta ce, "Baban yara, in ba mu kai su Dels ba za su rushe mana gida."

Da na tambaya mene ne Dels, aka ce mini wurin wasan ruwa ne, in ɗauki gajeren wando. Na leƙa taga na ga dusar ƙanƙara ta rufe motoci, na ce a raina lalle mutanen nan sun daɗe a ƙasar waje.

Mun tashi da safe a ƙarshen watan. Ma'aunin zafi na motar Kawu ya nuna sifili, sai na ce ai da sauƙi. Kawu ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan lissafin Amurkawa ne. Sifilinsu, a ma'aunin da aka koya maka a makaranta, 18 ne ƙasa da sifili." Tafiyar ba ta wuce kilomita 90 ba, kamar sa'a ɗaya, hagu da dama gonaki fari fat, babu ganye ko ɗaya a kan itatuwa.

Wiskonsin Dels ƙaramin gari ne a bakin kogin Wiskonsin, mazaunansa wajen 3,000 ne, amma suna kiran garinsu babban birnin wuraren wasan ruwa na duniya. Tun da daɗewa mutane ke zuwa can lokacin zafi daga Shikago da sauran birane domin kallon duwatsun da kogin ya zaizaye. A 1979 aka buɗe wani filin wasan ruwa a sarari mai suna Noah's Ark, watau jirgin Nuhu. Matsalar garin ita ce lokacin cinikinsu gajere ne, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba. Sanyi na shigowa sai baƙi su ɗauke ƙafa, otal-otal su rufe, ma'aikata su zauna babu aiki. A 1994 masu otal ɗin Polynesian suka yi dabarar sa wa kayan wasan ruwa rufi da bango, suka ɗumama wurin, sai ga ɗakunansu sun cika a watannin da a da babu kowa. Ba su ne na farko a duniya ba, gama tun 1986 akwai irin wannan wuri a cikin wata babbar kasuwa a Edmonton ta Kanada, amma a Dels ne abin ya zama sana'ar gari guda. A 1997 aka buɗe wanda daga baya ya zama Great Wolf Lodge, wanda ya yi rassa a jihohi da yawa, a 2000 kuma aka buɗe Kalahari. Da na ga allon wannan na ƙarshe a bakin hanya na yi dariya, domin malamin labarin ƙasa ya koya mana Kalahari hamada ce a kudancin Afirka, ga shi an raɗa wa gidan ruwa sunanta.

A otal ɗin da muka sauka, bayan Kawu ya biya kuɗin ɗaki aka ɗaura wa kowannenmu wani abin roba a hannu kamar warwaro. Shi ne shaidar shiga wurin ruwa, domin kuɗin wasan yana cikin kuɗin kwana. Hikimar ginin ita ce daga ɗakin kwana zuwa wurin cin abinci zuwa wurin ruwa duk a haɗe suke da dogayen hanyoyi na cikin gida, mutum yakan yi kwana biyu bai taka waje ba. Na ga abin mamaki a zauren karɓar baƙi: wani ya shigo da rigar sanyi har gwiwa da safar hannu, ƙanƙara a takalminsa, ya gitta wani yaro da ke tafe ba riga, da tawul a wuya, ƙafa ba takalmi.

Da muka tura ƙofar wurin ruwan, sai wani ɗumi mai laima ya bugi fuskata, irin na watan Mayu in hadari ya haɗu bai zubar ba. Tabarauna ya rufe nan da nan, sai da na cire na goge. An rubuta a bango cewa zafin wurin 84 ne kullum, watau 29 a namu lissafin. Tsakanin wannan gefen gilashi da wancan akwai bambancin digiri 47. Ɗakin ya fi filin ƙwallonmu girma. Ga manyan bututai masu launi sun nannaɗe kamar macizai daga kusa da rufi, mutane na shiga ta sama suna zamewa su faɗo ƙasa cikin ruwa suna ihu. Wasu bututan ma sun huda bango sun fita waje cikin sanyi sun sake dawowa. Ga wani rafi na gini da ke zagaya wurin a hankali, mutane na kwance a kan roba mai iska kamar ta cikin tayar mota, ruwa na tafiya da su. Ga wani ƙaton bokiti can sama da ke cika a hankali, in ya cika ya tuntsure a kan yara. A kowace kusurwa kuma akwai matashi ko matashiya da jar riga da usur a baki, rungume da wata doguwar roba ja.

Anti ta nuna mini wani wuri da aka rataye rigunan ceto, manya da ƙanana, ta ce, "Ka iya ruwa kuwa? In ba ka iya ba ɗauki ɗaya, kyauta ne."

Auta, 'yar shekara shida, tana riƙe da hannuna tana kallon fuskata. Yayyenta biyu suna jira su ji. Na ce, "Haba Anti, ni da nake ƙetare kogi?"

Auta ta yi tsalle ta ce da 'yar Hausarta, "Yaya ya iya! Mu je wurin igiya!"

Wurin da take nufi wani babban tafki ne da aka gina kamar bakin teku. Ana shiga ruwa na taɓa tafin ƙafa, ƙasan na gangarawa a hankali har ya kai zurfi. A can ƙarshensa akwai injuna a bayan bango da ke tura iska su tayar da igiyar ruwa, su yi 'yan mintuna su tsaya, sa'an nan su sake. An rubuta zurfin kowane wuri a gefe, ƙafa 3, ƙafa 4, ƙafa 5. Lokacin da muka shiga ruwan na kwance. Na lissafa tsayina ya kusa ƙafa 6, saboda haka ko a ƙafa 5 kaina na waje. Na bar Auta wurin mahaifiyarta, na bi yayyenta maza, ina takawa ina kaɗa hannu kamar mai iyo. Ruwa ya zo ƙugu, ya zo ƙirji, ya zo kafaɗa. Sai na ji an busa wani ƙaho, mutane suka yi sowa. Ban san ma'anarsa ba.

Igiya ta farko ta ɗaga ni ta ajiye, na yi dariyar dole. Ta biyu ta ɗaga ni, da ta sauke ni ƙafata ba ta sami ƙasa ba. Na buɗe baki in ja numfashi, ta uku ta cika shi da ruwa. Daga nan abin da na tuna shi ne hasken fitilu yana zuwa yana ɓacewa, da ƙafafun mutane kewaye da ni, kusa ƙwarai, har na taɓa wani ya janye yana zaton ƙarambani ne. Na so in yi ihu, amma duk lokacin da bakina ya fito babu abin da yake nema sai iska. Hannuwana suna ta danna ruwa ƙasa da kansu, ba su yarda su ɗagu ba. Ɗan Kawu na fari yana gabana bai fi taku uku ba, ya ba ni baya, yana wasa.

Sai na ji usur mai tsawo, na ji an cusa mini wani abu a ƙarƙashin hammata, an juya ni rigingine. Aka tsayar da injunan. Wadda ta fito da ni yarinya ce wadda ba ta fi 'yan ajin ƙarshe na makarantarmu ba, ba ta kai kafaɗata ba. Ta zaunar da ni a gefe ina tari ina aman ruwa, mutum ɗari suna kallo. Da na natsu ta durƙusa ta tambaye ni sunana da shekaruna tana rubutawa, sa'an nan ta ce, "Ka iya ruwa?" Babu fushi ko ba'a a muryarta. Na dubi Auta, wadda ke kuka a jikin uwarta, na ce, "Ban iya ba." Ran nan ne na fara faɗin kalmomin nan tun da aka haife ni. Ta ce babu komai, manya da yawa ba su iya ba, ta je ta kawo mini rigar ceto da hannunta, ta kuma ce in tari ya ci gaba ko numfashi ya yi mini wuya a kai ni asibiti.

Kawu bai ce mini komai ba sai da dare, bayan yara sun yi barci. Ina tsaye a bakin taga ina kallon motoci a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, da tururin da ke tashi daga rufin wurin ruwan, ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya ce, "Ɗana, da ka mutu yau, da wane baki zan gaya wa yayata? In ce mata ɗanta da ta hana zuwa rafi ya zo ya mutu a hannuna a cikin otal?" Ban sami amsa ba. Ya ce, "Rashin iyawa ba laifi ba ne. Girman kai ne rawanin tsiya."

Kashegari na so in zauna a ɗaki, Anti ta ƙi. Na sa rigar ceto, ni ƙato, na shiga rafin nan mai tafiya a hankali tare da Auta. Tun da yake ba ni da abin nunawa kuma, sai idona ya buɗe na fara ganin yadda wurin ke aiki. Ruwan nan ba zubar da shi ake yi ba, injuna ne ke zuƙe shi dare da rana, a tace, a sa masa kulorin, a ɗumama, a maido. Warin da ke sa ido ja, Kawu ya ce, yana fitowa ne in kulorin ya haɗu da gumi da fitsarin mutane, shi ya sa ake roƙon kowa ya watsa ruwa kafin ya shiga, ake kuma da manyan fankoki masu fitar da iskar ciki su kawo sabuwa. Sabuwar kuwa daga waje take zuwa da sanyinta, dole a ɗumama ta. Kuɗin da ake ƙonawa a kan wuta da gas domin a riƙe bazara a cikin ɗaki guda ba kaɗan ba ne, kuma daga aljihun masu kwana yake fita.

Amma abin da na fi kallo shi ne masu jar rigar nan. Ba sa hira, ba sa riƙe waya. Kansu na tafiya hagu da dama, sama da ƙasa, ba tsayawa, kamar kaza mai neman tsaba. Bayan ɗan lokaci wani ya zo ya karɓi wani, kuma ko a wajen karɓar ɗayansu ba ya ɗauke ido daga ruwa. Kafin yaro ya hau babban bututu sai an auna tsayinsa a jikin sanda. Na ga an mai da wani yana kuka, ubansa na roƙo, aka ƙi. Na gane cewa rufi da ɗumi da bututai, duk mai kuɗi zai iya saye. Abin da ya sa na kwana da rai shi ne an koya wa wata yarinya yadda mai nutsewa yake, an kuma ajiye ta ba ta da wani aiki sai kallo.

Da na sake ganinta na je na yi mata godiya, na tambaye ta yadda ta gane ni a cikin wannan taro, alhali ban yi ihu ba. Ta ce ai da haka ake ganewa. Mai ihu yana da numfashi. Mai nutsewa yakan yi shiru, a tsaye cikin ruwa, kansa a baya, bakinsa na shiga yana fita, kuma sau da yawa ba ya kai minti ɗaya a haka.

Na koma ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka, ba don kaina ba. Shekara 15 ina tambayar kaina me ya sa abokina bai kira mu ba, me ya sa muka tsaya muna dariya. Ashe yana kiranmu da iyakar abin da jikinsa ya iya, mu ne babu wanda ya taɓa koya mana yadda abin yake. Sai da na je ƙasar ƙanƙara na sha ruwan otal kafin na sami amsar abin da ya faru a bayan garinmu.

A watan Fabrairu na 2023 na sa sunana a ajin koyon iyo na manya a Madison. Mu bakwai ne, har da wata tsohuwa mai jikoki. Mako na farko hura kumfa kawai muka yi da fuska cikin ruwa. Na sha wuya kafin na yarda in kwanta rigingine in saki jiki, gama jikina bai yarda ruwa zai ɗauke shi ba. Bayan wata uku na ƙetare tafkin daga wannan bango zuwa wancan ba tare da na taka ƙasa ba. Ran nan na kira Mama na gaya mata komai. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sa'an nan ta ce, "Na hana ku ruwa don kada in rasa ku. Ban san ruwan zai bi ka har can ba." Ta ƙara da cewa in na dawo hutu in koya wa ƙannena.

Ƙannena ɗalibai, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce mutum wajen 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, yara da matasa kuwa suna da yawa a cikinsu. A 2021 ɗin ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin tunatar da mutane wannan hatsari, ranar kuwa tana faɗowa ne daidai lokacin da kuke shirin tafiya dogon hutu, kududdufai sun cika, koguna sun kawo. Ba mu da wurin wasan ruwa mai rufi, ba ma kuwa bukatarsa, gama ɗumin da mutanen Wiskonsin ke saye da tsada mu kyauta muke samunsa. Abin da za mu iya ɗauka daga wurinsu ba ya cin kuɗi. In za ku shiga ruwa, a sami babba ɗaya wanda ya iya ya tsaya a baki, aikinsa kallo kawai. In kun ga ɗan'uwanku ya yi shiru a ruwa, kansa na shiga yana fita, ku kira sunansa, in bai amsa ba ku yi kururuwa. Wanda bai ƙware ba kada ya faɗa ya ce zai ceto, domin mai nutsewa yakan ƙanƙame mai cetonsa su tafi tare. Ku miƙa masa gora ko igiya, ko ku jefa masa jarka wadda ba kome a ciki, a rufe da murfinta. In kuma kun sami mai koyarwa na kirki a wuri marar zurfi, ku koya, mata da maza.

A ƙarshe, ga 'yan ɗakin kwananmu na da waɗanda za su karanta wannan, ku yafe mini labarin kogin nan, ban taɓa ƙetare shi ba. Auta kuwa har yau in ta gan ni sai ta ce, "Yaya, ka iya yanzu?" Nakan ce mata na iya kaɗan, ina kan koyo.